Baba Lungu Ya Koma Son Cunkoso

Ni dai ban taɓa ɓoye halina ba, mace ce ni mai zargi. Idan mai tumatir ya cika yi mini fara'a, sai na zazzage kwandon na ga abin da ke ƙasa. Saboda haka da surukina, mahaifin maigidana, ya koma bi da ni ta hanyar kasuwa kowace safiya, hanyar da kowane direba mai hankali yake gudu, ban tsaya nema masa uzuri ba. Na ce tsohon nan so yake a kore ni daga aiki.

Baba Lungu ake ce masa, kuma ba a banza ya sami sunan ba. Tun bai yi gemu ba yake riƙe da sitiyari. Ya fara da motar raba burodi, ya koma wani kamfanin magunguna, a can ya yi furfura, da za su sallame shi suka bar masa tsohuwar motar da yake ja. Ɗan siriri ne, gajere, sai ya ɗora matashi a kujera kafin ya hango gaba sosai, amma garin nan a tafin hannunsa yake. Ya san lungun da ke bayan masu yankan katako. Ya san garejin da ake ratsawa ta tsakiya a ɓulla titi na gaba, in dai an gaisa da mai gadi. Ya san kwalbatin da ke ɗaukar mota da wanda zai haɗiye taya. Alfaharinsa ɗaya a duniya shi ne bai taɓa zama a cunkoso ba. Idan ya ji wani yana kukan gosulo sai ya taɓe baki ya ce, "Baƙo ne. Ko a nan aka haife shi, baƙo ne."

Bayan rasuwar matarsa ya dawo gidanmu, ya ɗauki ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ba shi da fitina a kan abinci, ba ya shiga harkar kowa, amma motar nan ba a wasa da ita. Kowace safiya zai fito da bokiti da tsohuwar singileti ya wanke ta, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Makullin kuwa a aljihun rigarsa yake kwana. Ni na iya tuƙi, yayana ya koya mini tun kafin in yi aure, har lasisi ina da shi a jaka don ado, amma ko ɗan cikinsa bai isa ya zauna a kujerar nan ba, balle ni.

Aikina ɗibar jini ne, a ɗakin gwaji na wani ƙaramin asibiti can ɗaya ƙarshen gari. Masu zuwa wurina da safe yawanci ba su karya ba, don haka aka ce su zo: masu ciwon sukari, tsofaffi, masu ciki. Idan na makara, zama za su yi a benci da yunwa suna kallon ƙofa. Shugabarmu kuma, wadda muke kira Madam Agogo a bayan idonta, ba ta san wani abu wai shi uzuri ba. Na sha wuya kafin in sami aikin nan, kuma ina son sa har cikin raina.

Ranar da aka ɗauke ni kowa a gidan murna yake yi. Baba ya tambayi inda asibitin yake, na gaya masa, ya ce, "Ya yi nisa." Iyakar abin da ya ce ke nan, ni kuwa na naɗe maganar na ajiye. Da ya ce shi zai riƙa kai ni yana ɗauko ni, na ce a raina, to, an saka mini mai gadi. Amma gaskiya a shekarar farko ban sami abin kushewa ba. Yakan zura da ni ta lunguna, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana ɗaga wa mutane, mu ɓulla a bayan asibiti tun mai shara bai gama ba.

Ba rana ɗaya abin ya canza ba. Da farko ya bar lungun masu katako, wai yara sun yi yawa a ciki. Sannan ya bar sabuwar hanya, mai faɗin nan da ta zagaye gari, wai tana cin taya. Ana nan ana nan, sai ya zama ba mu da hanya sai ta kasuwa.

Wanda bai san hanyar kasuwa ba bai san wahala ba. Bas a gaba, bas a baya, masu babur suna kutsawa ta gefen madubi, masu tura baro suna zagin kowa, hayaƙi yana shiga har cikin haƙora. Na'urar sanyin motar ta mutu tun kafin a kawo ni gidan, don haka kafin mu yi rabi rigata ta manne a baya. Ina zaune ina kallon masu keke suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, har da wani tsoho mai ɗauke da katifa. Baba Lungu kuwa, mutumin da ke ce wa masu zama a gosulo baƙi, yana zaune hankali kwance kamar wanda aka kai shan iska.

Na soma lura da shi sosai. Yakan zaɓi wata ƙatuwar bas ko tankar ruwa ya manne mata a baya, ko layin gefe yana tafiya ba zai sauya ba. Idan danja ta ba da hannu ba ya motsi, sai na baya sun cika duniya da hon. Ya daina kunna rediyo, shi da ba ya iya tuƙi sai da labarai. Na ce, "Baba, ko mu riƙa fita da wuri, kafin gari ya waye sosai?" Ya ce, "Mota ba ta son a tashe ta da duhu." Da yamma kuma ya kafa mini doka: in fito kafin rana ta faɗi, in ba haka ba in nemi bas. Ranar da aka yi ruwa kuwa gidan mai ya shiga ya kashe mota, muka zauna har aka ɗauke. Duk wannan na haɗa shi da maganar nan ta "ya yi nisa", lissafi ya fita daidai.

Na ɗan ba shi wata dama, in faɗi gaskiya. Akwai wata mai lemo a bakin kasuwa, fara, mai fara'a, kullum sai ta ce, "Baba, an fito?" Na ce ko ita ce ke janyo shi hanyar nan. Wallahi na so a ce ita ce, da na huta, in ya so a yi biki in ci gaba da aikina. Na zuba ido kwana da kwanaki. Sai na ga ko juyawa ba ya yi sai ta yi magana, wani lokacin ma ga ta a tsaye a gefen tagarsa amma sai ya amsa yana kallon wani wuri. Na ce wannan ba soyayya ba ce, na cire ta daga zargi.

Na kai ƙara wurin maigidana. Gyaran firji yake yi, shi ya sa nake ce masa Injiniya, shi kuma yana ce mini Likita. Shagonsa ba nisa, a keke yake zuwa, bai san zafin kujerar mota ba.

"Injiniya, mahaifinka so yake in zauna a gida."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Likita, ke fa ko inuwarki ba ki yarda da ita ba. Mutumin da ke ƙona mansa don ya kai ki?"

"To me ya kai shi hanyar kasuwa?"

"Tsufa ne. Ya daina son gudu."

"Ka tambaye shi mana."

"In tambayi Baba yadda ake tuƙi? Ke dai ba ki so na da zaman lafiya. In kin gaji ga kekena nan, in sa miki kwando a gaba."

Ban yi dariya ba. Washegari na sulale na tafi tashar bas. Sai da na sauya mota a hanya, aka yi kokawa a ƙofa, aka tsinke mini hannun jaka, na isa a makare fiye da kullum. Da na dawo, abincin da na kai wa Baba haka aka dawo da shi a rufe. Da safe na fito na tarar ya riga ya tayar da mota, ya buɗe mini ƙofa. Na shiga, me zan yi.

Ranar da abin ya kai maƙura, wani dattijo mai ciwon sukari ne ya yanke jiki ya faɗi daga benci yana jirana. Allah ya taimaka ya farfaɗo, aka ba shi shayi. Ina shigowa da gumi Madam Agogo ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa, ta wanke ni tas. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Ta ce, "Gobe idan na buɗe ɗakin nan ban same ki a bakin ƙofa ba, kada ki wahalar da kanki ki ƙaraso. Akwai masu jiran kujerar."

Da safe na shiga mota fuskata ba annuri. Na gaishe shi a taƙaice. Muka tafi har shataletalen da hanya ta rabu, hagu kasuwa, dama sabuwar hanya. Ina ganin ya karkata sitiyari hagu na ji wani abu ya taso mini.

"Baba, yau ta sabuwar hanya za mu bi."

"'Yata, hanyar nan..."

"Baba, don girman Allah. Yau in na makara an kore ni. In abin da kake so ke nan ka faɗa mini a fili, in sauka a nan in san inda dare ya yi mini."

Tunda na shigo gidansu ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya juyo ya dube ni, ko in ce ya dubi wajen da nake. Ya zagaya shataletalen ya ɗauki dama.

Sabuwar hanya a buɗe take fetal, motoci suna wucewa fuu kamar an kore su. Na ce alhamdu lillahi, yau zan isa. Amma Baba bai taka mota ba. Ya rage gudu ma. Ya matso da fuskarsa har haɓarsa ta kusa taɓa sitiyari, ya riƙe shi da hannu biyu. Na ce kun ji, ga wata sabuwar dabara. Wata tirela ta wuce mu da ƙara, ya yi ƙoƙarin bin bayanta, ta tsere masa. Motar ta soma gangarawa gefe, tayoyi suka hau tsakuwa, ya dawo da ita, ta sake gangarawa. Na dube shi da niyyar in yi magana, sai na ga gumi yana ɗiga daga haɓarsa, wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf, alhali da sanyin safiya.

A gabanmu, a gefen hanya, wata babbar mota ce ta lalace aka bar ta. Ƙatuwa, fara fat, rana tana haska ta. Tun daga nesa nake ganinta. Ina jira ya kauce. Bai kauce ba.

"Baba! Birki!"

Ya taka da dukkan ƙarfinsa. Jakata ta zube ƙasa, goshina ya kusa dukan gilashi. Muka tsaya, tsakaninmu da ƙarfen bayan motar nan bai fi a miƙa hannu ba. Inji ya mutu.

Sai ya ce, a hankali, "Mene ne a gaba?"

Na juya na dubi idanunsa. Suruka ba ta ƙura wa surukinta ido, shi ya sa tsawon wannan lokaci ina lura da hannunsa, da ƙafarsa, da mai lemo, ban taɓa duban abin da ya kamata in duba ba. Tsakiyar ƙwayar idon ta yi fari-fari, duka biyun, na dama ya fi.

"Baba, ba ka ga motar nan ba?"

"Na ga haske," in ji shi. "Na ɗauka hanya ce."

"Tun yaushe?"

"An jima. Kamar ana dafa ruwa a gabana, tururi ya tare. Da safe da yamma ya fi." Ya goge fuska da hularsa. "A cikin cunkoso ba a bukatar ido sosai, 'yata. Ka sami babbar mota ka tsaya a bayanta. Jar fitila ta kama, ka tsaya. Ta mutu, ka matsa. Ba mai gudu, ba mai zuwa maka ba zato. Saura kuma kunne ne."

Mutane suna cewa a irin wannan lokaci tausayi ne ke kama mutum. Ni fushi ne ya fara kama ni.

"Haba Baba! Haba! Ka ɗauko ni kullum kana lalube? In da yaro ne ya gifta fa? In da mai keke ne? A asibiti fa kake sauke ni, a bakin ƙofar asibiti, ka kasa shigowa a duba ka?"

"In na shiga za su gaya miki. Ke ki gaya wa mijinki. Shi ya karɓe makulli." Ya shafa sitiyari. "In ya karɓe, ni kuma me ya rage? In zauna a ƙofar gida ina korar ƙuda? Ke kuma wa zai kai ki? Na ce miki wurin nan ya yi nisa. Bas ba za ta riƙe miki aikin nan ba, kin gwada kin gani."

Har yau ban san ko nawa ne a cikin maganar nan don ni, nawa ne don kansa ba. Na fi zargin don kansa ya fi yawa. Amma muryarsa ta karye a wajen "me ya rage", kuma wannan ba a ƙirƙirarsa.

Na duba rana, ta ɗaga. Na ce, "Baba, sauko."

Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya buɗe ƙofa, ya zagayo yana dafa jikin motar, ni na zagaya ta gaba. Na cire matashinsa daga kujera na miƙa masa, ya rungume shi a cinya. Rabona da sitiyari tun ina gidanmu. Na tayar, ta mutu. Na sake, ta yi tsalle ta mutu.

"Saki kuloci a hankali," in ji shi. "Ba faɗa kuke yi ba."

Ta tashi. Na ja baya, na hau hanya. Ya jingina ya rufe ido gaba ɗaya, ya kasa kunne.

"Sa giya ta uku, tana kuka. Yawwa. In kin ga gidan mai mai jan rufi, ki shiga dama."

"Baba, ai ba hanya a wurin."

"Akwai. Bayan masu faci."

Akwai kuwa. Ya bi da ni ta lungun da ban taɓa sanin yana duniya ba, ido a rufe, yana faɗa mini rami kafin in gan shi. Na goge madubin gefe a jikin wata katanga, ya ja numfashi kamar shi aka yaga. Muka ɓulla bayan asibiti daidai lokacin da Madam Agogo take fitowa daga motarta tana laluben makullin ɗakin gwaji a jaka. Ta dube ni, ta dubi agogonta, ta wuce.

Na kashe mota. Baba ya miƙo hannu, tafin a buɗe, yadda ya saba karɓar abinsa. Na dubi hannun nan, duk kanta, ya yi shekara da shekaru yana murɗa makullin nan. Na saka makullin a jakata na ja zif.

"Ka zauna wurin mai gadi, Baba. In na sallami masu jira zan kai ka wurin likitan ido. Injiniya kuma kai za ka gaya masa da bakinka, yau. In ba ka faɗa ba ni zan faɗa."

Ya janye hannun a hankali ya ɗora a kan matashin. Ina ɗibar jini ina hango shi ta taga, zaune a bencin mai gadi, fuskarsa tana kallon wajen da motar take. Sau biyu na ga ya kai hannu aljihun rigarsa ya dawo da shi. A nan ne tausayin ya zo, ya zo mini da yawa, har wata mai ciki ta tambaye ni ko lafiya.

Likita ya ce yanar ido ce, kuma ana cirewa. An sa shi a layi, za a fara da na dama. Ko zai koma tuƙi, likitan bai yi alkawari ba, ni ma ban yi ba. Injiniya da ya ji, fita ya yi ya zauna a kan kekensa a tsakar gida ya daɗe bai shigo ba. Na so in tambaye shi ko dama ya sani ya yi shiru, don dariyar nan tasa ta ranar ta yi yawa, amma na bar wannan zargin sai wani lokaci.

Yanzu ni ke ja. Baba yana wanke motar kamar kullum, ya shiga gefena da matashinsa, ya wuni wurin mai gadi suna sauraron labarai, da yamma mu dawo tare. Ya gaya wa duk unguwa wai koya mini tuƙi yake yi, kuma wai kaina da tauri. Na bar shi a haka. Jiya mai kanti ya leƙo ya ce, "Baba Lungu, yaushe ɗalibar za ta gama ne?" Baba ya ce, "Da saura, har yanzu ba ta iya shan kwana ba." Sannan ya kai hannu aljihun rigarsa, ya tuna, ya ce da ni, "Tayar mana, 'yata, kada ki makara."